Katantanwar dutse a tsaunukan Adar

Duk shekara, idan na kai ga darasin halittun ruwa a kolej, sai wani ɗalibi ya zo da dutse a aljihu. Daga Keita ko Bouza ya tsinto shi, a gefen kwari inda ruwan damina ya zaftare ƙasa. Wani kamar katantanwa, wani kewayayye mai zanen tauraro a bayansa. Yara na cewa aikin aljanu ne. Gawar dabbar teku ce.

Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku marar zurfi ya rufe ƙasar Adar har zuwa Sakkwato. Ɓawon halittun da suka mutu a cikinsa ya taru, ya danne juna, ya zama farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza da Kalambaina. Matsa masa lemun tsami ka duba da kyau: ƙananan kumfa za su taso.

Gwanin wannan gini a tekunan yau shi ne murjani. Dabba ce, ba tsiro ba: 'yar mitsitsiya mai laushin jiki, baki ɗaya da hannuwa kewaye da shi. Tana zuƙo sinadarin kalsiyam daga ruwa, ta gina wa kanta gurbi mai tauri. Ta tsiro da 'ya a gefenta, 'yar ma ta gina nata, na baya su hau kan kufan na farko. A cikin namanta akwai ƙwayoyin gansakuka da ke haɗa mata abinci da hasken rana, shi ya sa sai ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi. Idan zafi ya yi yawa ta kore su, ta yi fari fat, yunwa ta kama ta. Da wannan tafiyar hawainiya aka gina shingen murjanin Ostareliya, mai tsawon kilomita kusan 2,300.

Ba a teku kaɗai ake samun masu ƙashi a waje irin na murjani ba, ga su a gonarka: fara, kunama, gizo-gizo. Sulkensu ba ya girma, dole su yi saɓa. Katantanwa ba ta saɓa, ƙari take yi a bakin ɓawonta. Kunkuru dai a cire shi, ƙoƙon bayansa haƙarƙarinsa ne da ƙashin baya suka haɗe.

Roƙona ga masu haƙar rijiya da masu jera duwatsun tare zaizaya daga Madawa zuwa Keita: in kun ci karo da irin wannan dutse mai siffar dabbar teku, kada ku fasa shi. Ku riƙe sunan wurin da zurfin da ya fito, ku miƙa wa malamin kimiyya na makarantar garinku.