Darasi: Wane Ne Immanuwel?

Ya ku ɗalibai, wataƙila maƙwabcinku Kirista a nan Kwalkwalawa ya taɓa ce muku an yi bushara Allah zai zama mutum. Hujjarsu Ishaya 7:14, inda aka ambaci yaro Immanuwel, wato Allah na tare da mu. Linjilar Matiyu ta ce Annabi Isa (AS) ake nufi.

To, amma Sarki Ahaz aka yi wa maganar, yana tsoron yaƙi, sama da shekara 700 kafin haihuwar Isa. Kuma suna ba ya mai da mutum Ubangiji: Isma'ila ma ma'anarsa Allah Ya ji.

Aƙidarmu, Isa bawan Allah ne, ManzonSa, haifaffe ba uba. Ku amsa da ilmi da ladabi, ban da zagi. Wallahu a'alamu.