Haƙuri, Dauriya da Juriya: Nazari a kan Matsin da Ɗaliban Aikin Jinya ke Fuskanta

1.0 Gabatarwa

Kalmar "jinya" a Hausa tana da fuska biyu. Idan aka ce "Malam yana jinya", ana nufin shi ne ke kwance ba lafiya. Idan kuwa aka ce "tana jinyar Malam", ana nufin ita ce ke ɗawainiya da shi. Kamar dai Bahaushe ya daɗe da lura cewa mai kula da mara lafiya yana da nasa kason na ciwon. Wannan maƙala za ta dubi wani rukuni na masu ɗaukar wannan kaso tun da ƙuruciya, wato ɗaliban makarantun koyon aikin jinya. Za mu fara da bayanin matsi kamar yadda masana suka fayyace shi, sannan mu kawo inda yake fitowa, daga nan mu auna kalmomin da Hausawa ke ƙarfafa wa juna gwiwa da su. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, cijewa da ɓoye damuwa daban, juriya daban, kuma haɗa su wuri guda yana cutar da ɗalibi da majinyaci baki ɗaya. Za mu riƙa cewa "ɗaliba" don sauƙin bayani, amma maganar ta shafi maza da mata.

2.0 Mene ne Matsi?

Ɗalibai kan ari kalmar Ingilishi su ce suna cikin "sitires". Hausa ba ta tattara wannan ma'ana cikin kalma guda ba, sai ta rarraba ta: akwai gajiya, da damuwa, da fargaba, da zullumi, da ƙunci, da takura. A nan mun zaɓi "matsi", domin ita ce ke nuna nauyin da ke danne mutum daga waje da kuma yadda yake jin sa a ciki.

A shekarar 1936 wani masani mai suna Hans Selye, wanda ke aiki a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya nuna cewa jiki yana amsa kowace irin wahala ta hanya iri ɗaya, kuma a matakai uku. Na farko shi ne matakin faɗakarwa, inda jiki ke zubo sinadarai irin su adiranalin da kotizol cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru. Na biyu shi ne matakin turjiya, inda jiki ke ci gaba da aiki bisa ƙarfin da ya tara, har mai kallo ya zaci lafiya lau ake. Na uku shi ne matakin ƙarewar ƙarfi, wanda ke zuwa idan wahalar ta daɗe ba a sami sararawa ba. Abin lura a nan shi ne, mataki na biyu yana da iyaka, kuma daga waje ba a ganin kusantowar iyakar.

A 1984 kuma Richard Lazarus da Susan Folkman suka ƙara wani bayani. A ganinsu, matsi yana tasowa ne daga awon da mutum ke yi a ransa: da farko ya auna girman abin da ke gabansa, sannan ya auna abin da ke hannunsa na tunkarar sa. Idan na farko ya rinjayi na biyu, matsi ya samu. Ke nan ɗalibai biyu za su iya tsayawa a gaban gado ɗaya, wadda aka koya wa aikin kuma take da malama a kusa ta natsu, wadda aka bari ita kaɗai ta ruɗe.

3.0 Inda Matsin ke Fitowa

Ɗalibar jinya tana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. A aji ita ɗaliba ce mai haddace sassan jiki da sunayen magunguna da awonsu. A ɗakin marasa lafiya kuwa ma'aikaciya ce da ake jiran ta aikata, alhali ba ta gama koyo ba. A Nijeriya wannan hali kan ɗauki shekara 3 a makarantar jinya, ko shekara 5 ga mai digiri a jami'a, sannan ga jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda sai an ci ta ake samun lasisin aiki.

Abu na farko da ke matsa mata shi ne tsoron kuskure. Ɗalibin adabi in ya kuskure nahawu, jan biro kawai zai gani. Ita kuwa in ta kuskure awon allura, rai ne a tsakani. Na biyu shi ne aikin dare, wanda ke karya tsarin barci, ga shi kuma rashin barci yana rage natsuwa da kaifin tunani, waɗanda su ne makaman guje wa kuskuren. Na uku shi ne ganin mutuwa ido da ido. Yarinyar da a gidansu ba a barin ta kusa da gawa, sai ga ta tana rufe idon mamaci, tana sauraren kukan danginsa a bakin ƙofa. Na huɗu shi ne tsoron ɗaukar cuta, kuma tsoro ne mai dalili. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ya fara kamawa a cikin waɗanda aka rubuta labarinsu, biyu daga cikinsu kuma suka rasu.

Akwai kuma matsin da ya keɓanta da al'adarmu. An tarbiyyantar da yarinya a kan kunya, kada ta haɗa ido da babba, kada ta ambaci wasu sassan jiki. Rana ɗaya sai a ce ta goge wa dattijo sa'an mahaifinta jiki, ko ta tambayi matar aure abin da ko uwarta ba ta taɓa tambayar ta ba. Bugu da ƙari, ita ce mafi ƙanƙanta a ɗakin, saboda haka faɗan na gaba da ita da fushin 'yan'uwan majinyaci duk a kanta suke sauka. Tazarar da ke tsakanin abin da aka karanta a littafi da abin da aka tarar a asibiti ita ce Marlene Kramer ta yi nazari a kanta a 1974, ta nuna yadda take girgiza sababbin ma'aikatan jinya har wasu su bar aikin.

4.0 Kalmomi Huɗu na Ƙarfafa Gwiwa

Idan ɗaliba ta koka, da wuya ta rasa jin ɗaya daga cikin kalmomi huɗu: haƙuri, dauriya, juriya, jimiri. A maganar yau da kullum akan musanya su, amma in an duba wuraren da kowace ke faɗawa za a ga bambanci.

Dauriya ta ɗan lokaci ce, kuma ɓoye zafi ne ginshiƙinta. Akan ce wa yaro, "Daure a yi maka allura." Akan yabi mace da ta daure ba ta yi kuka ba wajen naƙuda, kamar yadda ake yabon saurayin Fulani da ya sha bulala a filin sharo bai motsa ba. Jimiri kuwa ya shafi nacewa a kan aiki, kamar jimirin manomi ko na mai neman ilmi. Juriya ta fi dauriya tsawon zango, ita ce iya ɗaukar wahala a kai a kai ba tare da mutum ya lalace ba. Haƙuri shi ne uwa ma ba da mama, ya ƙunshi sauran duka, har ya haɗa da dangana da yafiya. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sanya haƙuri cikin halaye goma da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da kunya da sauransu.

Karin magana ya ɗaukaka haƙuri ƙwarai: "Mahaƙurci mawadaci", "Haƙuri maganin zaman duniya". Ya kuma yabi ɓoye abin da ke rai: "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Sai dai Bahaushen da ya faɗi waɗannan shi ne kuma ya ce "Haƙurin kaya sai jaki", ya ce "Tura ta kai bango." Ashe ya san akwai haƙurin da bai dace da ɗan Adam ba, ya kuma san kowace turjiya tana da bango, wanda shi ne mataki na uku a bayanin Selye.

Matsalar ita ce yadda ake amfani da "yi haƙuri". Da ita ake ta'aziyya, da ita ake neman gafara, da ita kuma ake sallamar mai roƙo. Idan ɗalibar da majinyaci ya mutu a hannunta ta zo da hawaye, aka ce mata, "Yi haƙuri, haka aikin yake, je ki gado na gaba", to an sallame ta ne da lafazin ta'aziyya. Darasin da za ta ɗauka shi ne, nas ta ƙwarai ita ce wadda ba ta nuna komai.

5.0 Illar Mayar da Dauriya Hanyar Rayuwa

Wannan darasi ba a ƙasar Hausa kaɗai ake koyar da shi ba. A ƙarshen shekarun 1950 Isabel Menzies ta yi nazari a wani asibitin koyarwa a Landan, inda ta tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban jinya ba sa kammala karatu, kuma akasarinsu da kansu suke janyewa, ba faɗuwa jarrabawa ke korar su ba. Ta lura cewa an tsara aikin ne yadda nas ba za ta shaƙu da kowa ba: a yanka aiki gunduwa-gunduwa, wannan ta auna zafin jikin kowa, waccan ta raba magani, a riƙa kiran majinyaci da lambar gadonsa ko sunan cutarsa, a kuma riƙa sauya wa ɗalibai ɗaki a kai a kai. Manufar ita ce kare su daga damuwa. Sakamakon kuwa shi ne damuwar ta zauna daram, an kuma raba su da daɗin ganin wanda suka yi jinya ya warke.

Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da Herbert Freudenberger ya bayyana a 1974, wanda za mu iya kira ƙonewar zuciya a kan aiki. Christina Maslach da Susan Jackson sun fitar da ma'auninsa a 1981, da alamomi uku: ƙarewar kuzarin rai, da bushewar zuciya ga waɗanda ake yi wa hidima, da jin cewa aikin mutum ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin lamarin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ba a shawo kansa ba. Alama ta biyu ita ce ta fi shafar jama'a. Sau da yawa nas ɗin da ake kuka da tsawarta a asibiti ba haka ta shigo aikin ba, ta daure ne shekara da shekaru har zuciyar ta yi kanta. Asarar kuma ta kowa ce, domin rahoton hukumar na 2020 ya ƙiyasta cewa duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

6.0 Abin da ke Gina Juriya

Juriyar da ake bukata ita ce wadda ta haɗa da murmurewa, wato mutum ya ji zafi, ya faɗe shi, ya huta, ya dawo. Ana yawan ɗaukar ta a matsayin baiwar da ake haihuwar wasu da ita. Binciken Emmy Werner ya nuna akwai abin da ya wuce haka. Ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawayi har suka girma. Daga cikin waɗanda suka tashi cikin talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane natsattsu, kuma wani abu da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba guda da ya riƙe su da kulawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In muka koma ga awo biyu na Lazarus da Folkman, za mu ga hanyoyin gyara. Ta fuskar rage girman abin tsoro, a bar ɗaliba ta maimaita aiki a ɗakin gwaji har hannunta ya faɗa kafin ta taɓa mutum, kuma kada a bar ta ita kaɗai a aikin da ya fi ƙarfinta. Ta fuskar ƙara abin da ke hannunta, kowace ɗaliba ta sami malama ko yaya a aiki da za ta iya cewa "ban iya ba" a gabanta ba tare da tozarci ba. Bayan mutuwa ko wani abin firgici, a zauna ko na minti goma ne a tattauna abin da ya faru. Al'adarmu da ta tanadi zaman makoki ta riga ta san amfanin wannan. A tsare wa wadda ta kwana aiki lokacin barcinta. Ita ma ɗaliba ta riƙe ibadarta da zumuncinta da abincinta, in kuma rashin barci ko faɗuwar gaba ko ƙin aiki ya ɗauki makonni, ta nemi likita, domin neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa matsi yana da matakai kuma yana da iyaka, mun ga inda yake fito wa ɗalibar jinya, mun kuma rarrabe dauriya da juriya. Dauriya tana da wurinta: lokacin da jini ke zuba, dole nas ta cije ta yi aiki. Kuskuren shi ne a nemi ta ci gaba da cijewa bayan an tashi aiki, har tsawon rayuwarta. Mu ɗaliban harshe muna da namu aikin a nan. Littattafan wayar da kai da shirye-shiryen rediyo a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta hannun masu fassara suke bi, kuma wanda ya sanya "dauriya" inda "juriya" ta dace ya isar da kishiyar saƙon da aka ba shi. Akwai bukatar a bi asibitocinmu a tattara kalmomin da ma'aikatan jinya da kansu ke bayyana gajiyarsu da su, a auna su da na ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham, domin a samar da kalmomin da ɗaliba za ta faɗi halin da take ciki ba tare da an ce ta cika raki ba.