Saidu Keita, mai hoton Bamako

Ɗan'uwa, ka san Bamako? Shi ne babban birnin ƙasar Mali. Can aka haifi Saidu Keita, wajen shekara ta 1921. Bai shiga makarantar boko ba. Tun yana yaro yake aikin kafinta wurin ubansa.

A 1935 kawunsa ya komo daga Sanigal, ya ba shi ɗan akwatin ɗaukar hoto ƙirar Kodak. Da shi ya koyi hannu. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto nasa na kansa.

To, dubi yadda yake aiki. Tsakar gida yake ɗauka, da hasken rana. Da farko ma zanen gadonsa yake ratayawa bayan mutum. Fim yana da tsada, don haka yawanci sau ɗaya tak yake ɗauka. Ka ga ba wurin garaje. Sai ya gyara wa mutum zama, ya nuna masa inda zai sa hannu, sannan ya danna. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da keke. Wanda bai da su, a ara masa. Kada ka yi dariya! Ko nan Madarumfa, wa ke zuwa gaban mai hoto ran salla da tsumma?

Ga abin da ya fi burge ni. In ya wanke hoto, ba ya yar da fim ɗin. Adanawa yake, har suka kai dubbai.

A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, ya yi har 1977. Sai a 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin Niyok na Amurka. Amma fa ba sunansa! An rubuta ba a san mai su ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya zo Bamako yana cigiya. Malik Sidibe, shi ma mai hoto ne, yana gani ya shaida aikin Saidu. Da aka je wurinsa, ga fim nan a ajiye. A 1994 aka nuna hotunansa a Paris, da sunansa. Ya rasu a 2001.

Aikin gida: nemo tsohon hoto ɗaya a gidanku. Juya bayansa. Rubuta sunan wanda ke ciki, da garin, da shekarar. In ka san mai hoton, sa sunansa shi ma. Kawo shi aji mu karanta tare.