Kafin ka ɗaga hannu a gwanjon gilashin Rumawa

Wata ranar Laraba wani likita ɗan ƙasarmu da ke aiki a nan Ingila ya shigo ɗakin aikina rungume da ƙaramin akwati, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A ciki akwai wata 'yar kwalba mai dogon wuya, tsawonta bai kai tafin hannu ba, jikinta sai walƙiya yake da launukan bakan gizo. A gwanjon intanet ya saye ta. An rubuta masa cewa ta ƙarni na 2 ce, kuma wai a irinta ne matan Rum suke tara hawayensu idan an yi musu rasuwa. Buƙatarsa in goge ta, in yi mata mazauni.

Sana'ata ke nan, gyara da adana tsofaffin kayan gilashi, don haka ba na fara goge abu sai na san mene ne. Na kashe wutar ɗakin, na kunna fitila mai shuɗin haske, irin wadda 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita. Nan take wani farin zobe ya bayyana ya zagaye gindin wuyan. Gam ne. Na jiƙa auduga da sinadarin da mata ke goge jan farce, na ɗan taɓa gefe guda, sai ga sheƙin ya biyo audugar.

"Malam, ke nan jabu na saya?"

Na ce masa, "Likita, wuyan tsoho ne, cikin ma tsoho ne, amma na kwalabe biyu ne dabam. Auren ne na jiya." Sheƙin kuwa ɓarɓashi ne da aka kankaro daga wasu fasassun, aka manna don ya rufe ɗinkin. Batun hawaye kuma zaƙin bakin dillalai ne. Turare da man shafawa da magani ake zubawa a irin waɗannan kwalabe.

Abin da ke ruɗin sabon shiga shi ne arahar kayan. Mutum zai ga abu mai shekara kusan 2,000 ana tayinsa fam ɗari biyu ko uku, sai ya ɗauka ya yi tsuntuwa. Ba tsuntuwa ba ce, yawa ne. Wajajen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) masu sana'a a yankin Siriya da Falasɗinu suka gano hura narkakken gilashi ta bututu, abin da a da sai attajirai ya koma kayan kowa. Yashi ake haɗawa da kanwar da ake haƙowa a Wadi Natrun na Masar, a narka a manyan tanderu, a fasa curi-curi, a loda a jiragen ruwa zuwa ƙananan maƙeru a faɗin daular. Wannan launi na tsanwa-tsanwa da shuɗi-shuɗi da aka san su da shi, ƙarfen da ke cikin yashin ne ya jawo shi. Masu tsadar gaske 'yan kaɗan ne, kamar kofunan da wani mai sana'a mai suna Ennion ya hura cikin zubi a ƙarni na 1 ya sa sunansa da haruffan Girka, ko kofin nan mai sassaƙar raga da ake kira Constable-Maxwell, wanda aka sayar a Bonhams ta Landan a 2004 kan sama da fam miliyan 2 da rabi.

Shi kansa sheƙin da mutane ke mutuwa a kai, ciwo ne. Barumen da ya yi kwalbar bai taɓa ganinsa ba. Damshin ƙasa ne ke tsotse gishirin da ke jikin gilashin shekara bayan shekara, har fatarsa ta zama hawa-hawa kamar ɓawon albasa, haske ya riƙa karyewa a tsakani. Shi ya sa nake roƙon masu irin wannan kaya kada su wanke shi da ruwa, kada su sa masa burushi. Na taɓa karɓar tulu da mai gida ta jiƙa a ruwan sabulu don tsabta, ta ɗauraye kusan rabin kuɗinsa a kwatami.

Saye daga hoto cinikin biri a sama ne. Kowane gidan gwanjo na kirki zai ba ka rahoton lafiyar kaya idan ka nema a rubuce: ina aka liƙa, ina aka cike da roba, ina aka shafa launi. Ka nema, ka kuma nemi hoton gindi da na baki. Sannan ka yi lissafin la'ada tun kafin a buga guduma, domin a kan farashin da ka taya gidan zai ɗora nasa kason, sau da yawa rubu'i ko fiye, ban da haraji da kuɗin aikowa.

Duk wannan asarar aljihu ce kawai. Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da likitan bai yi ba: daga ina kwalbar ta fito? Gilashi mai kaurin ɓawon ƙwai ba ya shekara 2,000 a juji ya fito lafiya. Wanda ka gani cikakke, galibi daga kabari aka ciro shi. Saboda haka takardar asali ta fi kwalbar muhimmanci a wurina. Ma'aunin da gidajen tarihi ke bi shi ne yarjejeniyar UNESCO ta 1970: a nuna shaidar cewa kayan ya bar ƙasarsa kafin wannan shekara, ko ya fita da izini bayanta. Tsohon rasit, hoto mai kwanan wata, lambar wani tsohon kundin gwanjo, waɗannan su ne shaida. Idan abin da aka rubuta bai wuce "daga tarin wani dattijo a Landan" ba, babu suna babu shekara, to ba a gaya maka komai ba.

Kada kuma sunan babban gida ya sa ka saki jiki. A 1995 aka kai samame ma'ajiyar dillalin nan ɗan Italiya, Giacomo Medici, a Janeba, aka samu dubban hotunan kayan da aka tono ta haramtacciyar hanya, wasu da ƙasa a jikinsu. Da yawa daga ciki sun riga sun bi ta manyan gidajen gwanjo sun shiga gidajen tarihi, kuma har yau masu bincike na tsinto su a kundaye. Gilashin Rumawa kuwa da yawansa na gabashin Bahar Rum ne, har da Siriya. Ƙuduri mai lamba 2199 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, ya haramta cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Iraƙi ba bisa ƙa'ida ba tun 6 ga Agusta 1990, da na Siriya tun 15 ga Maris 2011.

Mu kam bai kamata sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga yadda aka yi wa gonakin kudancin Kaduna rami-rami ana neman kawunan Nok a shekarun 1990, muka wayi gari da ganinsu a Faris. Duk wanda aka fizge daga ƙasa haka, ya tafi da labarin wurin da ya kwanta, kuma ba mai iya mayar masa.

Likitan ya rubuta wa masu gwanjon. Suka nuna masa wani ɗan layi a ƙasan shafi inda aka ce kayan "ya ɗan sha gyara", wa'adin ƙorafi kuma ya wuce. Da ya tambayi takardar asali, sai shiru. Ya bar mini kwalbar. Na raba wuyan da cikin, suna nan a aljihun tebur cikin auduga, ina nuna wa ɗalibai a ƙarƙashin shuɗiyar fitila.