Kada ki ƙona mata kai

'Yata, zauna ki ji. Tun ranar da makitsiya ta tsaga gashin yarinyar nan ta ga fili a ƙeyarta, na lura ko abinci ba kya iya ci. Na zaunar da ita a hasken rana na duba wurin da idona. Zagaye yake kamar kwabo, sumul, babu amosani, babu ƙurji, babu ruwa. A bakin filin akwai gajerun gashi da suka karye, sirara ta gindi, masu kauri ta sama. Da makero ne da kin ga ɓawo da susa, kuma da tuni ya bi mataji ya kama ƙannenta. Kitso mai tsauri kuwa goshi da gefen kunne yake ci. Zancen maƙwabciyarki na cewa aljanu ne suka yi mata aski, bar mata kayanta.

Likitocin fata suna kiran irin wannan alofeshiya ariyata. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta korar cuta, take kuskure ta far wa saiwar gashi. Sai gashin ya zube, amma saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin fata. Nan ne nake so ki riƙe da kyau. Tunda saiwar ba ta mutu ba, gashi yana iya dawowa, kuma masu fili ɗaya ko biyu da yawansu sukan ga tsiro cikin shekara guda. Wani lokaci yakan fara fitowa fari tas kamar furfurata, daga baya ya yi baƙi. Idan kika bi masu cewa a goga tafarnuwa har wurin ya yi jini, ko a kai wa wanzami ya tsaga, kina iya bar mata tabo, kuma gashi ba ya tsirowa a kan tabo.

Ba jikata kaɗai ba ce. Kusan mutum 2 cikin 100 sukan gamu da shi a rayuwarsu, maza da mata, kuma yawanci kafin shekara 40 yake farawa, sau da yawa tun ana yara. Namiji a gemu ma yana samunsa. Ba a ɗaukarsa, don haka kada ki ware mata kwano ko matashi. Yakan bi dangi, yakan kuma zo tare da ciwon maƙoƙo ko asma, sai ki faɗa wa likita duk wanda kika sani a gidanmu da gidan mijinki. Duba farcenta ma, ko akwai ƙananan ramuka kamar an tsira allura. Wasu kaɗan dai abin yakan cinye kan gaba ɗaya har gira, shi ya sa ba na son a yi jinkiri.

Kuma ki ja kunnen yayyenta, kada in ƙara jin wani ya kira ta mai sanƙo. Gobe da sassafe ɗaura mata ɗankwalinta ki kai ta wurin likitan fata, ni zan riƙe miki ƙaramin.