Darasin Littafi Mai Tsarki: Takobin Joshuwa da Umarnin Ƙauna

Littafin Joshuwa sura 6 ya nuna mana cewa bayan rushewar garun Yariko, Isra'ilawa suka hallaka mazaunan birnin, maza da mata, yara da tsofaffi, har da dabbobi. A 1 Sama'ila 15 kuma aka umarci Sarki Saul ya yi wa Amalekawa haka. Amma a Matiyu 5:44 Ubangijinmu Yesu ya umarce mu da ƙaunar maƙiyanmu. To, Allah ya sake hali ne?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Wani mai suna Marsiyon ya koyar da cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam yake da Uban Yesu, sai Ikilisiyar Roma ta fitar da shi a shekara ta 144. Allah ɗaya ne, ba ya kuwa sakewa. Ga abubuwa uku da za su taimake mu.

Na farko, Allah yana koyar da mutanensa sannu a hankali, yadda uwa takan fara ba jariri nono kafin tuwo. Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin Dei Verbum ta 1965, ta bayyana cewa Tsohon Alkawari yana ɗauke da wasu abubuwa na wucin gadi, waɗanda ba su kai cika ba. Yesu kansa ya nuna a Matiyu 19:8 cewa saboda taurin zuciyar jama'a ne Musa ya yarda da saki.

Na biyu, marubutan sun yi amfani da salon labarin yaƙi na zamaninsu. A kan dutsen Mesha, Sarkin Mowab, wanda aka gano a 1868, shi ma ya yi fahariyar keɓe mutanen Nebo ga hallaka domin allahnsa. Joshuwa 10:40 yana maganar shafe ƙasar ƙaƙaf, amma Littafin Mahukunta sura 1 ya nuna Kan'aniyawa suna nan zaune. Rahab ma ta tsira, har ta shiga jerin kakannin Yesu.

Na uku, da hasken Almasihu muke karanta dukan Nassi. Sa'ad da Yaƙub da Yahaya suka so kiran wuta a kan ƙauyen Samariyawa, Yesu ya tsawata musu (Luka 9). A daren kamunsa ya sa Bitrus ya mai da takobinsa kube. Shi ya sa malamin Ikilisiya Orijin ya fassara yaƙoƙin Joshuwa a matsayin yaƙi da zunubin da ke cikin zuciya.

Katekism na Ikilisiyar Katolika ya halatta kare rai daga mai kawo hari, amma ya kira kisan ƙare dangi zunubi mai kisa. Saboda haka, in rikici ya tashi wani ya ɗauko sunan Joshuwa yana zuga matasa su ɗau fansa, kada ku bi shi. Ya karanta Nassi, amma bai kai ga gicciye ba.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Ɗansa. Amin.