Amsoshin Tambayoyinku: Man Yasmin, Turare Ne Ko Magani?

TAMBAYA: Na sayi 'yar kwalbar man yasmin a kasuwar Sabon Gari. Mai turaren ya ce shaƙarsa na kawar da damuwa da rashin barci. Da gaske ne? Kuma yaya ake amfani da shi? Daga wata mai karatu, Basawa, Zariya.

AMSA: Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma sai an tace ta.

Yasmin ɗan farin fure ne da ke buɗewa da dare. A ƙauyen Shubra Balula na ƙasar Masar, tun cikin duhu manoma ke shiga gona da fitila a goshi, suna tsinkar furen ɗaya bayan ɗaya kafin rana ta kwashe ƙamshinsa. Tan guda na fure da ƙyar yake ba da kilo 2 na tsantsar mai, shi ya sa yake da ɗan karen tsada. Na ainihi yana da kauri, launinsa kamar na zuma. Mai araha, garai kamar ruwa, galibi haɗin sinadari ne. Zai yi miki humra, amma ba shi ake nufi ba. Tabbatarwa kuwa sai ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke nan Basawa.

Jinya da ƙamshi ta yi suna ne bayan littafin da Bafaranshe René-Maurice Gattefossé ya fitar a 1937, amma iyayenmu mata sun daɗe da sanin aikin kasko da turaren wuta. Hanci na isar da saƙo kai tsaye zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yanayin zuciya da tuna baya. Dalili ke nan da ƙamshin zanen mahaifiya ke sanyaya rai. Yasmin ma yana iya yin haka, ko da yake wasu wartsakar da su yake yi, ba barci yake sa su ba.

Ga yadda za ki yi: ki ɗiga ɗigo biyu a auduga ki ajiye gefen gado, ko a kwanon ruwan ɗumi. In shafawa za ki yi, ɗigo ɗaya a ƙaramin cokalin man kwakwa ko man riɗi ya isa. Ki fara gwadawa a damtse, ki jira kwana guda. In ya yi ƙaiƙayi, ki bar shi. Kada a sha, kada ya taɓa ido, kada a shafa wa jariri. Mai juna biyu da mai asma su fara tuntuɓar likita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin barcin. In ya ɗauki makonni, asibitin Shika ba nisa daga Basawa. Ki je a duba ki. Ki ji daɗin ƙamshinki, amma kada ya rufe miki ciwon da ke buƙatar magani. Allah ya ƙara lafiya.